Kawu da Tsohon Jirgin Katako

A danginmu, daga Damagaram har Yamai, in ana son yaro ya natsu sai a ce za a gaya wa Kawu. Yayan mahaifiyata ne. Ya tafi Faransa karatu tun ba a haife ni ba, ya gama, ya samu aiki a wata babbar hukuma ta ƙasa da ƙasa a Paris, ya zauna can da matarsa, wadda muke kira Tanti. In ya zo gida bakansi, wato hutu, sai gidan ya yi tsit: mata su rage murya, mu kuma mu nemi bayan ɗaki. Ba ya duka, ba ya zagi. Kallo ne kawai ta saman tabarau, ka ji kamar ka yi wani laifin da kai ma ba ka san shi ba.

Da na samu gurbin karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon, shi ya tarbe ni a filin jirgi, ya kai ni gar, wato tasha, ya sa ni a jirgin ƙasan Lyon. Abin da ya ce mini bai wuce wannan ba: "Karatu ya kawo ka. Salla da karatu. In na ji wani abu daban, kai da Damagaram." Da wannan magana a kunne na yi ta hawan taram, jirgin kan titi, tsakanin ɗakina na ɗalibai da aji har na gama. Na samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, na tara gemu, har da mutane a ƙarƙashina, amma in waya ta yi ƙara na ga shi ne, sai na miƙe tsaye kafin in ɗauka.

Wata Laraba, lokacin da ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, ina cikin cin abincin rana a wurin aiki ya kira. Ko gaisuwar bai bari ta yi nisa ba.

"Ka zo Paris ranar Asabar da sahe. Kada ka gaya ma Tantinka."

"Lahiya dai, Kawu?"

"Lahiya. Ka sa takalmi mai igiya."

Ya kashe wayar.

Abincin bai ƙara shiga ba. Shekarar da ta gabata an yi masa aiki a zuciya, an sa masa wani ɗan bututu a jijiya, Tanti ta raba shi da gishiri da kilishi. Na ce ko likita ne ya ba shi mugun labari, yana son ya bar mini wasiyya. Na kuma ce ko wani ya kai ƙarata. Takalmi mai igiya kuwa na rasa inda zan sa shi a cikin zancen.

Asabar ranar kasuwar Tanti ce. Tun da safe take jan keken sayayyarta zuwa Barbès, ta shiga cunkoson nan na ƙarƙashin gadar metro, jirgin ƙasan cikin gari, daga nan ta biya wajen ƙawayenta, ba ta komawa gida sai la'asar. Shi kuma kullum akan ce ya leƙa biro, wato ofis.

Da na sauka a gar sai da na wuce shi ban gane shi ba. Mutumin da ban taɓa gani ba sai cikin kwat ko babbar riga, ga shi cikin wata tsohuwar rigar ruwa mai ruwan toka, da takalmin ƴan ƙwallo, kansa ba hula. Na durƙusa zan gaishe shi ya ce in tashi, hanya na da nisa. Muka shiga motarsa, muka bar gari, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Ban yi gigin tambayar inda za mu ba. A zuciyata na yanke cewa maƙabarta za mu je, ya nuna mini inda yake so a sa shi.

Sai ga mu a wani makeken filin ajiye motoci, iyaye na jan yara, yara na jan balan-balan. Filin wasa ne, irin wanda ake kai iyali hutun ƙarshen mako. Can bayan itatuwa wani abu ya tokare sama, kamar an tattara azarar gari guda an ɗaɗɗaure, an yi tuddai da kwaruruka da ita. Ina kallo sai ga wani ɗan jirgin ƙasa marar rufi ya leƙo daga ƙololuwa, ya zubo ƙasa da mutane a ciki, ihunsu ya iso har inda muke.

"Kawu, ko mun ɓata hanya?"

A ƙofa ya zaro wani kati daga aljihu, matar da ke wurin ta dube shi ta yi murmushi, ta ce masa da Faransanci, "Kun zo ban kwana ke nan?" Ya gyaɗa kai. Ta san shi. Ni kuwa sai bin su nake da ido.

Da muka matsa kusa na ga tsufan abin. Fentin ya ɓare, katakon ya yi furfura, in jirgin ya wuce duk ginin sai ya girgiza yana kuka kamar tsohuwar amalanke. An kafa allo cewa gobe Lahadi ce ranarsa ta ƙarshe: za a rushe shi, a gina sabo na ƙarfe a gurbinsa. Layi ya yi tsawo, kuma rabin masu layin ba yara ba ne, masu farin gashi ne. Wasu tsofaffin Turawa, sanye da riguna masu hoton jirgin, suna hango Kawu suka ɗaga hannu suna kiran "mai kujerar baya". Suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa mai sanda ta riƙe hannunsa biyu tana share hawaye, shi kuma yana lallashinta. Ya nuna ni ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, injiniya." Ban taɓa jin ya faɗi haka da alfahari ba, amma a lokacin ba ni da nutsuwar jin daɗi. Ji nake kamar an musanya mini kawu a hanya.

A bakin matakala akwai wani allon, mai zanen mace mai ciki, da mai ciwon baya, da jar zuciya an ja mata layi. Nan na tattara ƙarfin halina.

"Kawu, kun ga abin da aka rubuta?"

"Na iya karatu tun uwarka tana goye."

"Amma likita..."

"Tun da aka yi mini aikin nan ban hau ba. Na bi dokarsu. Gobe za su ruhe shi." Ya cire tabarau ya sa a aljihu ya ja zif. "Shi ya sa na kira ka. In wani abu ya hwaru, a samu wanda zai laƙƙana mini kalmar shahada. Waɗannan ba su iya ba."

Da wani ne da na riƙe rigarsa na ja shi waje. Amma a gidanmu ba a koya mana yadda ake ce wa Kawu a'a ba, kuma kafin in koya a tsaye, layi ya kawo mu gaba.

Kujerar baya ya nufa kai tsaye. Aka danna mana wani ƙarfe a cinya, jirgin ya motsa, sarƙa ta kama shi tana ja sama, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Mutane a ƙasa suka koma kamar tururuwa, na hango gonaki da hasumiyar cocin wani ƙauye. Na saci kallon Kawu: ya rufe ido, fuskarsa a sake kamar mai sauraron karatu. Sai na ga taragon gaba ya ɓace, wani abu ya fizge mu, kujera ta rabu da ni.

Ba zan iya ba da labarin gangarar nan ba, don hanjina ya dawo maƙogwaro. Abin da na riƙe shi ne wata murya a gefena da ban taɓa ji ba. Kawu ne. Hannuwansa biyu a sama, bakinsa a wangame, yana ihu tun daga cikin cikinsa, irin ihun da ake yi in an aiko da mutuwa. Iska na kora hawayensa zuwa kunne. Kafin mu kai tudu na gaba ihun ya juye dariya, ya sake komawa ihu. Katako na dukan bayana, haƙorana na haɗuwa, amma na manta da tsoron kaina. Shi kawai nake kallo.

Da jirgin ya tsaya shi ya riga ni fita, da sauri kamar saurayi. Ya ja ni wurin da ake nuna hotunan da na'ura ke ɗauka a gangara, ya nuna fuskata yana ƙyaƙyatawa. "Dubi injiniya! Dubi ido!" Sai ya dafa kafaɗata. Na ɗauka wasa ne, har na ji nauyin ya yi yawa. Na juyo na ga fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya keto masa a wannan sanyi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya sulale a jikina har ƙasa.

Ban san da wane harshe na yi kururuwa ba. Ma'aikatan agaji na filin suka rugo, suka kwance masa riga, aka kira motar asibiti. Tsofaffin nan suka kewaye mu, mai sandar tana ta kiran sunansa. Ni kuwa na sa bakina a kunnensa ina maimaita shahada, kamar yadda ya ce. Can ya buɗe ido, ya dube ni, ya motsa leɓe. Na kara kunne.

"Kada ka kira ta."

Ana rufe ƙofar motar na kira Tanti. Shi ne karo na farko da na saɓa masa. Ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ina jin masu tumatir na kiran ciniki, metro na wucewa a samanta.

"Ɗana, lahiya? Yaya Lyon?"

"Tanti, ina Paris. Muna tare da Kawu, ya hwaɗi, za mu asibiti. Yana numfashi, yana magana."

Ta yi salati. "A biro ya hwaɗi?"

"A'a. A hilin wasa. Mun hau jirgin nan ne mai hawa da gangara."



"Kai," in ji ta, "ka sha wani abu ne?"

Likitan ya ce bugun zuciyar ne ya rikice, ba jijiyar ce ta toshe ba, za su riƙe shi ƴan kwanaki. Ya ce an yi sa'a, ya kuma kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ba jariri wuƙa. Bayan la'asar Tanti ta iso, tana jan keken sayayyarta har cikin ɗakin, ganyen albasa na leƙowa ta sama. Ta tsaya a ƙarshen gadon tana duban mijinta da wayoyi a ƙirji, ta dubi takalmin ƴan ƙwallon da ke ƙarƙashin gado. Na yunƙura zan fita ta ce in zauna.

"Alhaji, abin da yaron nan ya gaya mini gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Hajiya."

"Yau ka hwara?"

"Tun kahin in aure ki."

"Asabar ɗin nan da kake ce mini biro?"

"Wasu biro ne."

Ta nemi kujera ta zauna. Shi kuma ya kafa wa silin ido, ya fara magana da wata ƙaramar murya. Ya ce a shekararsa ta biyu a Paris, a wani taron ɗalibai, wani baƙo da ya zo daga gida ya kama hannunsa ya ce masa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna." Mutumin ya zaci ya san mahaifiyarsa ta rasu. Ashe har an yi sadakar arba'in. Dangi sun ɓoye masa don kada jarrabawarsa ta lalace. Ya ce ya amsa da amin, ya gode, washegari ya tafi aji. Hawaye ko ɗigo. Makonni yana yawo da abu a ƙirji kamar ya haɗiyi dutsen niƙa, ɗakin da yake haya kuma bangonsa kamar takarda, ko tari ka yi maƙwabci ya ji. Wani abokin karatunsa Bafaranshe ya ga yana ramewa, ya ja shi filin wasan nan da ƙarfi, lokacin jirgin yana sabo, katakonsa na ƙamshi.

"Da muka gangaro sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na kira Inna iya ƙarhina. Ba wanda ya waiwayo, kowa ihu yake." Ya ƙara da cewa, "Sai na koma. In abu ya taru, sai in koma."

Inna kakata ce, ban same ta da rai ba, kuma ban taɓa jin wani ya faɗi yadda labarin rasuwarta ya iske Kawu ba. Na sunkuyar da kai. Tanti ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Shekara da shekaru ina gehenka, Alhaji. Ka gwammace ka kai ma katako kukanka." Ta juyo gare ni ta ce in je in nemi abin da zan ci, in yi salla, ta ga alamar tun safe ban sa komai a ciki ba.

Ranar Lahadin da aka rufe jirgin, yana kwance ana auna masa jini.

Cikin tsakiyar sanyi, bayan ya warware, ya sake kirana. Wannan karon Tanti ce ta ba ni makullin motar da hannunta, don an hana shi tuƙi. Filin wasan a rufe yake, sai muka tsaya a gefen hanya, inda ake hangen wurin ta cikin shingen waya. Na zaci za mu tarar ana kwance shi a hankali, katako bayan katako. Ina! Wata mota ce mai dogon wuya da baki kamar na kada, ta cafki tudu ta girgiza, ta tauna, ta zubar. Rabin jirgin ya riga ya zama tsibin itace a cikin taɓo. Muna tsaye ta kai bakinta ga tudu mafi tsawo, wanda muka gangaro daga kansa. Ya yi wata ƙara, ya karkata, ya zube. Ko minti bai ɗauka ba. Sararin sama ya bayyana a inda yake, fari fat.

Kawu ya riƙe wayar shingen da hannu biyu. Na matso kusa don tsoron kada a maimaita na rannan. Ya daɗe yana kallon filin, sannan ya ce, "Ashe wurin ɗan ƙarami ne haka?" Ma'aikatan suna ta harkarsu, ɗaya ma yana cin burodi a kan tulin katakon. Da sanyi ya fara shiga ƙashi ya saki shingen ya ce mu tafi kada la'asar ta kuɓuce.

Sabon ya ɗauki lokaci kafin a gama shi. A bazarar da aka buɗe shi Kawu ya riga ya ajiye aiki, suna ta ɗaure kaya za su koma Yamai. Na zo daga Lyon taya su, ina cikin naɗe kwanuka da jarida Tanti ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kahin mu tashi za ka kai ni in ga abin nan." Na ce ai an rushe shi. Ta ce ta sani, wanda aka sa a madadinsa take nufi, kuma ba kallo za ta je ba.

Mu uku muka je. Sabon na ƙarfe ne, shuɗi, ya ninka tsohon tsawo, yana murɗewa kamar igiyar da aka yar, yana kifa mutane kai ƙasa ƙafa sama. Ba ya kuka, sai wani huci in ya wuce. Na roƙe ta kada ta hau, Kawu ma ya ce, "Hajiya, wannan ba irin wancan ba ne." Ta miƙa masa jakarta ta ce ya zauna a benci ya riƙe. Ta tusa mayafinta cikin rigarta, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta shiga layi tsakanin samari masu ɗan kunne, mace mai jikoki, ni kuma na bi ta.

Tun daga tashi har tsayawa ban ji ko tarinta ba. Ta dai kama wuyan hannuna, kuma sai da shatin farcenta ya yi mako a jikina. Da aka ɗage ƙarfen kafaɗa ba ta motsa ba, idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Na ce shi ke nan, na kashe ɗaya na dawo zan kashe ɗayan. Na girgiza ta ina kiran Tanti, Tanti. Sai ta ja dogon numfashi ta ce, "A'uzu billahi. Hid da ni daga nan."

Na riƙo ta muka sauko a hankali. Kawu ya taso da jaka a hannu, fuskarsa duk tsoro.

"Yaya, Hajiya?"

Ta zauna a bencin, ta karɓi jakarta, ta sha ruwa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ashe mahaukaci na aura ban sani ba."

Ya zauna kusa da ita. Can ya tambaye ni ko sabon jirgin yana girgiza mutum, yana dukan baya. Na ce a'a, sumul yake tafiya, sai dai juya kai. Ya kaɗa kai ya ce to ba shi ba ne. Tanti ta ce shi ne ko ba shi ba ne, ita ta gama, kuma daga yau in abu ya taru masa ya rufe ƙofar ɗaki ya yi ihunsa, ita za ta ce wa maƙwabta telebijin ce. Daga nan ta buɗe kular da ta zo da ita, muka ci dambu a gindin wata itaciya, jirgin na ta huci a samanmu.

Sun koma Yamai a ƙarshen bazarar. Tanti ba ta ɓoye labarin ba, duk baƙon da ya zo sai ya sha shi, har ya kai Damagaram. Mahaifiyata ta kira ni a Lyon tana faɗa, wai ni da matar yayanta mun haɗa baki muna yi wa babban mutum ƙarya. Na rantse mata, ta ce ba ta yarda ba sai ta ji daga bakinsa. Ta kira shi, abin da ba ta saba yi ba sai da salla. Ya ce mata gaskiya ne, ya kuma gaya mata dalili. Tanti ta ce mini ranar sun daɗe a waya, ya tambaye ta yadda Inna ta yi jinya, da abin da ta ce a ƙarshe, da wanda ya yi mata wanka. Mahaifiyata tana wurin aka yi komai, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa tambayarta ba sai ranar.